Kukan Taransfoma Jawabi Ne

A bakin layin da na yi shekaru ina zaune akwai wata taransfoma a kan dakalin siminti, an kewaye ta da wayar shinge wadda ta daɗe da kwanciya. Kusa da ita wani mai shayi ke kafa teburinsa tun daga asuba har tsakar dare. Shi ne ya fara tsegunta mini cewa akwai matsala. Wata rana da daddare yana miƙo mini kofi ya ce: "Yallaɓai, wannan abar fa muryarta ta sauya. Da gurnani kawai take yi, yanzu kuwa sai ka ce ana suya a cikinta." Na ce Allah ya kyauta, na shanye shayina na wuce gida.

Ba a rufa mako biyu ba ta yi wata ƙara da ta tayar da unguwa daga barci, hayaƙi ya turnuƙe, mai ya tsiyaye a ƙasa. Muka shafe fiye da wata biyu cikin duhu. Mai sayar da ƙanƙara ya rufe shago, tela ya koma keken ƙafa, mai niƙa ya ninka farashi saboda kuɗin gas. Daga ƙarshe aka bi gida-gida ana karɓar karo-karo, kamar yadda aka saba.

Tun daga lokacin nake riƙe da ra'ayin da zan kare a wannan rubutu: sauyin muryar taransfoma rahoton lalacewa ne cikakke, kuma ya cancanci kamfanin rarraba wuta ya karɓe shi da irin gaggawar da yake karɓar rahoton wayar da ta tsinke. A ƙasar da na'urorin sa ido suka yi ƙaranci, kunnen maƙwabci shi ne ma'auni mafi araha da muke da shi, kuma shi muka fi wulaƙantawa. Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Kafin a gane jawabin taransfoma, sai an san dalilin da ya sa take kuka ko da tana lafiya.

Me ya sa take gurnani tun asali

Abin mamaki game da taransfomar unguwa shi ne babu wani abu mai juyawa a cikinta. Babu inji, babu farfela. Abin da ke cikin tankin ƙarfen nan uku ne: zuciyar ƙarfe, naɗin wayoyi iri biyu da ke kewaye da ita, da man da aka nutsar da su duka a ciki. Wuta na shiga naɗi na farko da ƙarfin bolt 11,000, ta haifar da maganaɗisu a cikin zuciyar ƙarfen, shi kuma maganaɗisun ya haifar da wuta a naɗi na biyu da ƙarfin bolt 415 tsakanin layi da layi, wato kimanin 240 da ke isa soket ɗin gida. Michael Faraday ne ya gano wannan ƙa'ida a Ingila a 1831, kuma a 1885 wasu injiniyoyi uku a birnin Budapest suka fito da taransfomar da ta yi kama da wadda muke gani a yau.

To daga ina gurnanin yake fitowa? A 1842 James Joule ya lura cewa ƙarfe yana ɗan sauya tsawo idan maganaɗisu ya ratsa shi. Sauyin ƙanƙani ne ƙwarai, bai wuce 'yan kashi kaɗan cikin miliyan ba, ido ba zai taɓa ganinsa ba. Sai dai wutar da muke amfani da ita tana kai da komowa sau 50 a kowane sakan, kuma ƙarfen yana miƙewa ko ta wane ɓangare maganaɗisun ya fuskanta. Ke nan a kowane zagaye guda yana miƙewa ya tsuke sau biyu, wato sau 100 a sakan. Wannan rawar jiki ce ke ratsa mai, ta bugi bangon tanki, ta iso kunnenmu a matsayin gurnani. A Amurka, inda wutarsu ke kai da komowa sau 60, rawar sau 120 ce, don haka muryar taransfomarsu ta ɗan fi tamu siranta.

Akwai tushe na biyu. Wayoyin da ke naɗe suna ture juna da jan juna idan wuta na gudana a cikinsu, kuma ƙarfin wannan turereniya yana ƙaruwa fiye da yadda lodi ke ƙaruwa: in lodi ya ninka sau biyu, ƙarfin ya ninka sau huɗu. Daga nan mai bincike ke samun makaminsa na farko. Gurnanin zuciyar ƙarfe yana bin ƙarfin wutar da ke shigowa, bai damu da yawan masu amfani da ita ba. Kukan naɗin waya kuwa lodi yake bi. Saboda haka tambayar farko da injiniyan kirki zai yi wa mai kawo rahoto ita ce: da wane lokaci ƙarar take tsananta?

Muryoyi shida da abin da kowace ke nufi

Idan gurnanin ya ƙaru ne a tsakiyar dare, lokacin da aka kashe yawancin kayan wuta, zargi na farko yana kan ƙarfin wutar da ke shigowa. Ana ƙera zuciyar ƙarfe ta yadda za ta yi aiki dab da iyakar maganaɗisun da za ta iya ɗauka, domin rage tsada. In ƙarfin wuta ya haura ƙa'ida da ɗan kaɗan, ƙarfen ya ƙoshi, muryar ta yi kauri da tsauri, zafi kuma ya ƙaru. Maganin nan sau da yawa ba ya cin ko kwabo na kayan gyara. A jikin taransfoma akwai makunnin da ke sauya yawan naɗin da wuta ke bi, galibi mataki-mataki na kashi 2.5 cikin ɗari. Ana auna wutar, a kashe taransfomar gaba ɗaya, a mayar da makunnin inda ya dace. Sharaɗin kashewar nan ba na wasa ba ne, domin juya shi da wuta a jiki yana iya tayar da gobara a cikin tanki.

Idan kuma ƙarar tana tashi ne bayan magariba, lokacin da kowane gida ya kunna firji da fanka da injin jan ruwa, to lodi ne ke magana. Taransfoma mai kVA 500 tana iya ɗaukar kimanin amfiya 695 a kowane layi daga cikin layukanta uku, mai kVA 300 kuma kimanin 417. Unguwa tana girma, gidaje na ƙaruwa, taransfomar tana nan yadda aka kafa ta shekaru ashirin da suka wuce. Abin da ya fi haka muni shi ne ɗabi'ar nan ta mayar da wayar gida zuwa duk layin da ya fi haske. Sai ka tarar layi ɗaya yana ɗauke da nauyin da ya fi ƙarfinsa, sauran biyun suna hutawa. Illar ba ta tsaya ga ƙara ba. Takardar da ke lulluɓe da wayoyin tana tsufa da zafi, kuma ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce, idan zafin wuri mafi zafi a naɗin ya haura digiri 98, kowane ƙarin digiri 6 yana ninka saurin tsufanta. Gyaran shi ne a auna lodin kowane layi a lokacin da ya fi yawa, a raba gidaje daidai, in kuma jimillar ta wuce ƙarfinta a kafa wata ta rage mata nauyi.

Murya ta uku ita ce karkarwa, irin ta kwanon rufi da iska ke kaɗawa. Sau da yawa wannan ita ce mafi sauƙi: noti ya kwance, murfin akwatin fiyus yana rawa, ko wani bututu yana gogar jikin tanki, ko dakalin ya tsage har taransfomar ba ta zauna daidai ba. A kashe wuta, a ɗaure, a sa roba a ƙarƙashi, magana ta ƙare. Amma idan an ɗaure komai na waje karkarwar ba ta daina ba, to matsalar tana ciki. Zuciyar ƙarfen ba curi ɗaya ba ce, falle-falle ce, kowane falle bai kai kaurin rabin milimita ba, an matse su da maɗauri. Haka ma naɗin wayoyin a matse yake. Duk lokacin da wayoyin kan titi suka haɗu, ko aka maido da wuta bayan ɗaukewa, wata wuta mai yawan gaske kan ratsa taransfomar na ɗan lokaci ta girgiza waɗannan maɗaurai. Gurnanin nan mai kauri da ake ji na 'yan sakanni da zarar an kawo wuta, shi ne alamar wannan bugu. A ƙasashen da wuta ba ta yankewa, taransfoma kan sha irin wannan bugu jefi-jefi. Tamu kuwa tana iya shan sa sau da yawa a yini ɗaya. Maɗaurin da ya saki yana barin wayoyi su riƙa gogar juna, takarda ta lalace a hankali. Wannan gyara na ɗakin gyara ne, sai an ɗauke ta an buɗe.

Murya ta huɗu ita ce wadda mai shayinmu ya ji: huci ko ƙyas-ƙyas kamar na suya. Wani lokaci daga waje take fitowa. Ƙurar hunturu kan taru a jikin tangaran ɗin da wayoyi ke shiga ta cikinsu, sai raɓa ko yayyafin farkon damina ya jiƙa ta, wuta ta sami hanyar rarrafe a kansa. Da daddare har akan hango ɗan shuɗin haske a wurin. Wanke tangaran bayan an kashe wuta, ko sauya wanda ya tsage, shi ne magani. In kuwa sautin daga cikin tanki yake, to ƙananan tartsatsai ne ke cin kariyar wayoyin. Man taransfoma aiki biyu yake yi, sanyaya ta da hana wuta tsallakawa. Idan ya ragu saboda yoyo ko sata, ko danshi ya shige shi, ya daina yin ɗayan biyun yadda ya kamata. Akwai wata 'yar kwalba a gefen taransfomomi da yawa mai ɗauke da ƙwayoyin silika masu tsotse danshin iskar da ke shiga. Nau'in da aka fi sani shuɗi ne, idan ya ƙoshi da ruwa sai ya koma ruwan hoda. Mai karatu ya duba ta unguwarsu daga nesa ya ga launin da zai tarar.

Ta biyar ita ce sautin tafasa, ko ɓulɓulowar kumfa, ko fas-fas mai ƙarfi daga ciki. Wannan ba ta jiran gobe. Tana nufin wani wuri ya yi zafin da mai ke rikiɗa zuwa gas, ko kuma wuta ta fara tsallake tsakanin naɗi da naɗi. Man taransfoma yana kama wuta, tanki kuma yana iya fashewa. A janye yara da masu sana'a daga wurin, a kira a kashe ta nan take.

Ta shida ita ce sauyin murya farat ɗaya tare da rabin wuta a wasu gidaje, alhali wasu na da cikakkiya. Galibi fiyus ɗaya daga cikin ukun da ke sama ne ya tsinke. A nan ne ake tafka kuskuren da ya kashe taransfomomi ba adadi: maimakon a nemi abin da ya tsinka fiyus ɗin, sai a ɗaura waya mai kauri a madadinsa don kada ya sake tsinkewa. An ƙera fiyus ne domin ya mutu a madadin taransfoma. Wanda ya hana shi mutuwa ya zaɓi wadda za ta mutu ke nan.

Kunne ke farawa, ma'auni ke ƙarasawa

Babu injiniyan da zai yanke hukunci da kunne kaɗai, ni ma ban ce a yi haka ba. Bayan rahoto akwai gwaje-gwajen da aka daɗe da sani. Ana ɗibar mai a gwada ƙarfin wutar da zai iya jurewa tsakanin ƙarafa biyu masu tazarar milimita 2.5, kuma man da ya kasa jure bolt 30,000 yana buƙatar tacewa ko sauyawa. Ana auna ƙarfin kariyar da ke tsakanin naɗi da naɗi da tsakaninsu da tanki. Ana haska kyamarar da ke ganin zafi domin gano mahaɗar da ta saki.

Gwajin da ya fi kowane bayani shi ne na gas ɗin da ya narke a cikin mai, wanda ya yi kama da gwajin jini a asibiti. Kowace cuta tana barin sawunta. Yawan haidirojin yana nuna ƙananan tartsatsai. Etilin yana nuna zafi mai tsanani. Asitilin, irin gas ɗin da masu walda ke hura wuta da shi, yana nuna wuta ta riga ta tsallaka. Kabon monoksaid kuma yana nuna takarda ce ke ƙonewa a hankali. Wani masani a Kanada, Michel Duval, ya tsara hanyar karanta uku daga cikin irin waɗannan gas a kan zane mai kusurwa uku tun a shekarun 1970, kuma har yau ana amfani da ita a duniya.

Manyan taransfomomin da ke tashoshin bolt 132,000 da 330,000 suna da masu gadi na ƙarfe. Fitacce a cikinsu shi ne na'urar da Bajamushe Max Buchholz ya ƙirƙira a 1921, wadda ke tara gas ɗin da ke tasowa daga tanki ta buga ƙararrawa, ko ta katse wuta in abin ya yi tsanani. Ga ma'aikata a wurin dare da rana. Taransfomar unguwa fa? Yawancinsu ba su da irin wannan na'ura, kuma ko da suna da ma'aunin zafi ko na mai, babu mai zuwa ya karanta. Su ne suka fi yawa, su ne suka fi shan wahala, su ne kuma aka bari ba mai gadi. Abin da ya rage musu shi ne kunnen mai shayi da mai kanti da mai gadin masallaci. Wannan shi ne ginshiƙin hujjata.

Abin da za a iya cewa a kaina

Mai suka zai ce kunne yana yaudara. Gaskiya ne. Wata taransfomar tana da babbar murya tun ranar da aka kafa ta, kuma za ta yi shekaru talatin lafiya lau. Wata kuma tsawa za ta kashe ta cikin ƙiftawar ido ba tare da ta yi ko tari ba. Har ma akwai kukan da sababinsa ba ya kusa: a ranar 13 ga Maris 1989 guguwar maganaɗisu daga rana ta jefa lardin Kwibek na Kanada cikin duhu na kimanin sa'o'i tara, ta kuma lalata wata babbar taransfoma a jihar New Jersey ta Amurka. Amsata ita ce abin lura shi ne sauyi, ba ƙarfin murya ba. Sauyi kuwa wanda ya saba da wuri ne kaɗai ke iya jin sa. Baƙon injiniya zai zo da kayan awo, amma bai san yadda take kuka a bara ba. Wayar hannu ma tana taimakawa: a naɗi sautin daga wuri guda, a lokaci guda, sau ɗaya a wata, a ajiye. Ranar da aka yi shakka, akwai abin kwatantawa.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Za a ce koya wa jama'a waɗannan alamu zai ƙara wa masu gyaran wuta na unguwa ƙarfin halin buɗe abin da ba su san kansa ba. Wannan tsoro yana da tushe, kuma dole a faɗa ba tare da kwana-kwana ba: bolt 11,000 ba ya jiran a taɓa shi, kusantarsa kaɗai ta isa. Bakanike kan kara sukudireba a jikin injin mota ya saurara, amma wanda ya gwada haka a jikin taransfoma da ransa yake wasa. Aikin maƙwabci uku ne: ya saurara daga wajen shinge, ya rubuta, ya kai rahoto. Duk abin da ya wuce haka na ma'aikacin da aka horar ne, bayan an kashe wuta an tabbatar ta mutu.

Suka ta uku ita ce wadda na fi ji: ko an kai rahoto ba za su zo ba. Na san zafin wannan magana. Sai dai tun da aka fara miƙa harkar rarraba wuta ga kamfanoni 11 a watan Nuwamba 2013, taransfomar unguwa tana cikin kayan aikin kamfani, kuma hukumar NERC ta sha nanata cewa gyara ko sauya taransfoma nauyin kamfani ne, ba na masu biyan kuɗin wuta ba. Akwai matakan ƙorafi: ofishin ƙorafi na kamfani, sannan dandalin sauraron ƙorafi na hukumar, sannan ita kanta hukumar, ko takwararta ta jiha a inda jiha ta karɓi wannan aiki bayan dokar wutar lantarki ta 2023. Unguwar da ta rubuta takarda mai kwanan wata tana cewa taransfomarta ta fara sautin suya, ta kuma riƙe kwafin da aka buga wa hatimi, tsayuwarta a gaban waɗannan matakai ta bambanta da ta unguwar da ta zo da ihu bayan hari.

Abin da ya kamata a yi

Ga kamfanoni, buƙatar ba ta da tsada. A sanya sauyin sauti cikin jerin rahotannin da ake ba lamba a bi sawunsu. A koya wa mai amsa waya tambayoyi huɗu: wane irin sauti ne, yaushe ya fara, da wane lokaci yake tsananta, akwai yoyon mai ko warin ƙuna? Amsoshin nan sun isa a rarrabe abin da zai jira mako da abin da ba zai kai dare ba. A kuma riƙa auna lodin kowace taransfoma kafin zafin bazara ya kama, lokacin da lodi da zafin gari ke haɗuwa a kanta. Kuɗin tace mai da ɗaure noti da raba lodi ba ya kusa da kuɗin sake naɗi, balle sayen sabuwa, balle asarar kuɗin wutar wata biyu da ba a sayar ba.

Ga mu mazauna unguwa, kwamitin da ke iya tara miliyoyi bayan ta ƙone ya fi ƙarfin ya kasa ajiye littafi guda kafin ta ƙone. A naɗa mutum biyu da ke kusa da ita su riƙa lura. A gyara shinge, a hana zuba shara da kafa rumfa a gindinta. A daina yi wa mai sauya layi da mai ɗaura waya a madadin fiyus kallon gwanaye.

Yanzu akwai wata taransfomar a kan dakalin nan, mai shayin ma yana nan a inda yake. Duk ranar da na tsaya wurinsa, bayan an gaisa nakan tambaye shi yadda ta kwana. Har yanzu amsarsa ɗaya ce: gurnaninta na kullum take yi. Ranar da ya ba ni wata amsa daban, takardar rahoto za ta isa ofis kafin shayina ya huce.